Mai Gurnani da Mai Sanɗa

Maganar da ta sa na zauna rubuta wannan babi ke kika faɗe ta, Zainab, ranar sunan ɗan Usman, kina tsaye a bakin kicin kina zaton kunnena ya mutu. Kika ce wa matar yayanki wai Sitti ta mutu da begen gida ne saboda Abuya, wato ni, ya zaɓi motar jin daɗi ya bar motar tafiya. Na ji ki sarai. Kunnen hagu ne ya tafi, na dama yana nan daram. Ban tanka ba don akwai baƙi. Na kuma san ba ke kika ƙirƙiro ta ba, tsohuwar magana ce da ke yawo a unguwarmu Sa'alaba tun kina zanen goyo, kowa ya ɗauka ya ƙara mata gishiri. To ku zauna ku ji daga bakin wanda ya riƙe sitiyarin.

Kakarku, wadda kuke ce wa Sitti ni kuwa nake ce mata Inna, ba ta taɓa yarda cewa zama ta yi a Jidda ba. A wurinta hajji ta zo, shirin komawa ne kawai bai kammala ba. Ita da mahaifina sun taso daga Mirriya ta ƙasar Damagaram, ta ƙasa, yau a ƙafa gobe a bayan babbar mota, su tsaya wani gari su yi ƙwadagon auduga na shekara, su ƙara gaba. A cikin Sudan aka haife ni, shi ya sa ba ta da wani suna da take kirana da shi sai Ɗanhanya. Suka ƙetare Bahar Maliya, suka sauke farali, mahaifina ya kama dako a Balad, tsohon garin Jidda, don ya haɗa guzurin komawa, zazzaɓi ya ɗauke shi ban ko fara wayo ba. Ya bar ta da ni da akwatin ƙarfe guda ɗaya da suka fara zuba tsaraba a ciki.

Ku da aka haifa a nan ba za ku gane nauyin tsaraba ba. A wurin mutanenmu, wanda ya je Makka ba ya shiga gari hannu rabbana. Kowane ɗan dangi yana da rabonsa, kuma hannu da hannu ake miƙa masa, ba a aikawa, don albarkar tana tafin wanda ya taɓa Ɗakin Allah ne. Kowa ya san wannan, amma Inna ta riƙe shi fiye da kowa. Tana suyar ƙosai a bakin lungu, tana wankau a gidajen Larabawa, abin da ya saura sai ta shiga kasuwar Balad ta sayo faranti ko mayafi ko carbi. Duk shekara in alhazan Damagaram sun sauka, ta bi su masauki da kwanon tuwo tana tambayar labarin gida: wa ta yi aure, wa ta haihu, me aka samu. Duk haihuwar da aka gaya mata, wani abu ya ƙaru a akwati. In aka ce wane ya rasu, ta yi kukanta ta share hawaye, amma ba ta cire kayansa, sai ta ce na magadansa ne. Kun ga kuwa dangi ba sa daina haihuwa don wata tsohuwa tana shiri a Jidda. Akwati ɗaya ya zama ɗaki guda, wanda kuka taso kuka tarar ana ce masa ɗakin akwatuna, har da keken ɗinki da agogon bango da butocin tagulla, komai yana ƙamshin kafur. Alhazai suka sha ce mata ai yanzu jirgin sama ake bi, yini ɗaya kina gida. Ta tambayi kayan da ake yarda mutum ya ɗauka, da aka gaya mata sai ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ta ƙasa na zo, ta ƙasa zan koma," in ji ta, "da kayana a bayana."

Bayan la'asar, in iskar teku ta fara shigowa ta taga, takan zauna a kan akwati ta shiga ba ni labarin yadda za mu shiga gari. Ta gabas za mu ɓullo, da hantsi, ranar kasuwa. Tun daga nesa za mu ji ƙamshin ruwan lambu da ɗanyen rake. Ƙanwarta Hadiza tana daka a ƙofar gida, za ta ɗago ta gan mu, taɓarya ta suɓuce mata. A cikin labarin nan Hadiza ba ta taɓa tsufa ba, kullum budurwa ce mai wushirya. Ni ban taɓa ganin Mirriya da idona ba, har yau ɗin nan, amma da za a ba ni alli da na zana muku ita lungu-lungu.

Da na girma na zama direba. Na daɗe ina yi wa wani Balarabe aiki, Abu Majid, shi ne kafilina, wato mai tsaya mini, iƙamata ta zaman ƙasa a ƙarƙashinsa take. Sana'arsa ba da hayar kayan biki da na masu fita sahara: tantuna, injin wuta, tankin ruwa, wani lokaci har kwalekwalen masu son kamun kifi muke ja musu zuwa gaɓa. Yana da wanet guda biyu, irin motar da mutanen Najeriya ke ce wa a-kori-kura, amma manya, masu faɗin ƙirji. Kamfani ɗaya ya yi su, jiki iri ɗaya, sai dai ja tana shan dizal, fara tana shan fetur. Wanda bai tuƙa su ba zai ce fenti ne kawai ya raba su. Ina! Halinsu ya sha bamban kamar ba gida ɗaya suka fito ba.

Jar ba ta san wasa ba. Da safe sai ka lallaɓa ta, ta yi tari biyu ta kama, ka bar ta ta ɗumama tana girgiza tagogin maƙwabta. Amma ɗaura mata tirela, ka ɗora injin wuta da tanki cike da ruwa, ka nufi hawan Ɗa'ifa da ita, a nan za ka san me ka hau. Ba sai ka matsa mata ba, daga can ƙasan ƙirjinta take ja, a natse, tana hawa tana gurnani, kai kuma kana zaune kamar mai gari. Ka je ka dawo allurar mai ba ta kai rabi ba. Farar ma tana ja, kada in ci amanarta, sai dai da kuka take ja. Tun a gindin dutse za ta fara ihu, allurar zafi ta hau, ta mai ta sauka kana kallo, ka isa sama gumi ya jiƙa maka riga kamar kai ka turo kayan. To amma kwance tirelar ka shigo gari, sai labari ya juye. Jar in babu kaya a bayanta duka take yi, kowane ɗan rami sai ta mayar maka da shi a ƙugu. Ba ta son a kashe a tayar, a kashe a tayar, sai ta shiga hayaƙi da fushi. In za ka sha mai sai ka zagaya bayan gidan mai ka bi layin manyan motoci. In ta lalace, duk unguwar Mahjar mutum ɗaya ne na yarda ya taɓa mini ita. Farar kuwa taɓa makulli ta tashi, ta bi lungu sumul, kowane makanike ya san cikinta, fetur kuma a ƙasar nan ba abin da zai hana mutum barci ba ne.

A lokacin idon Inna ya riga ya tafi, sai haske da duhu kawai take bambancewa, amma kunnenta ya fi na kowa a gidan. Ita ta raɗa musu suna. Jar ita ce Mai Gurnani, don tun daga bakin titi take jin ta, ta ce wa mahaifiyarku a zuba abinci ga Ɗanhanya nan. Farar kuwa Mai Sanɗa, wai motar marasa gaskiya ce, sai dai ka ga mutum a kanka. Ta taɓa sa ni na kai ta ta shafa ƙugiyar da ake ɗaura tirela a bayan jar, ta daɗe tana shafawa, ta tambaye ni ko za ta iya jan ɗakin akwatuna. Na ce mata har da ɗakin kwana. Wasa na ɗauke shi, ita kuwa ashe ta ajiye maganar.

Shekarar da nake son ba ku labarinta, abu biyu ne suka faɗo tare. Ƙafafun Inna suka kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya, muka kai ta asibiti aka ce ƙoda ce ta gaza. Sai wanki da inji, yau a yi gobe a huta, har iyakar rai. Likitan ya ja ni gefe ya ce in aka tsallake mako guda ruwa zai hau mata ƙirji, halas, shi ke nan. Abu Majid, Allah ya jiƙansa, shi ya tsaya aka karɓe ta a wani asibitin taimako can arewacin gari. Ba a jima ba kuma shi kansa ƙarfi ya ƙare masa, 'ya'yansa ba mai son sana'ar tanti, ya yanke shawarar rufewa. Ya kira ni ya ce in zaɓi ɗaya cikin motocin nan biyu, kyauta, ladan zaman da muka yi. In fara na ɗauka, za ta ci gaba da zama da sunansa kamar yadda doka ta ce, in riƙa ɗan dakon cikin gari da ita ina ci da iyalina. In ja ce, ya haɗa mini da tirela, ya kuma yi mini takardun da za a ɗora ta a jirgin ruwa zuwa Bur Sudan, don ya san labarin Inna da akwatunanta. Ya ce in je in yi shawara, ba gaggawa.

Maganar ta riga ni isa gida. Ban san bakin da ya kai ta ba, amma ko da na shiga na tarar Inna ta sa an buɗe ɗakin akwatuna ana kakkaɓe ƙura, ta aika a sayo igiya. Fuskarta ta koma ta yarinya. Rabon da in ga haƙoranta a waje haka tun kafin ciwon.

Mahaifiyarku tana da tsohon cikin Zainab a lokacin. Ita haifaffiyar nan ce, Mirriya a wurinta suna ne kawai, amma tana son Inna kamar ita ta haife ta, kuma duk mai cewa ita ta juya ni ya ji tsoron Allah. A gaban Inna har taya ta naɗe mayafai ta yi. Sai da na same ta a kicin tana yanka albasa, ba ta ko ɗago ba ta ce:

"Ya Abu Usman, in ka ɗora tsohuwar nan a hanya, wallahi ba ita za ka kai ba."

Na je Mahjar wurin Mahamat, makaniken da na ce muku shi kaɗai ke taɓa jar. Mutumin Chadi ne, ya yi yaron mota a hanyar Sudan ɗin nan tun yana saurayi, ya san ta kamar tafin hannunsa. Ya ce in dai tafiya ce kada in ko kalli farar. Dizal duk inda babbar mota ke bi za ka same shi, fetur kuwa a kwalba ake sayarwa, rabinsa kananzir, ga rairayi, ga nauyin tirela, ba za ta ga ko garin Fashir na Sudan ba. Jar kuwa ko kogi ta shiga za ta fita. Na tambaye shi tsawon tafiyar, ya ce in Allah ya kiyaye, wata guda ko fiye. Na tambaye shi ko akwai injin wankin ƙoda a hanya. Ya goge hannu da tsumma, sannan ya ce motar dai za ta kai, wannan ya ɗaukar mini alkawari.

Matan unguwa suka yi ta zuwa suna ba Inna baki, wai mutane addu'a suke yi su mutu a ƙasa mai tsarki, ita kuma tana neman fita. Ta ce musu Jidda ba Makka ba ce ba Madina ba ce, tasha ce, kuma ba wanda ke addu'ar ya mutu a tasha. Da na zauna na maimaita mata abin da likita ya faɗa, ta bari na gama tsaf.

"Na ji, ba kurma ba ce ni," ta ce. "Ubanka yana kwance a garin nan bai ga gida ba. Ni in na tsaya a hanya, fuskata dai tana kallon gida. Ka binne ni inda na tsaya, ka wuce da kayan, ka ba kowa nasa. Hannunka hannuna ne."

Ga abin da masu magana ba su sani ba: ni ma jar nake so. Ina son ta har cikin raina. Kwanakin nan ina tuƙi a titin bakin teku amma ba Jidda nake gani ba. Ina ganin kaina a wata doguwar hanya ja, rana tana faɗuwa a gabana, tirela tana bina a baya da rawar akwatuna, Inna a gefe tana nuna mini itatuwan da ta sha inuwarsu da cikina. Ina ganin mun ɓullo ta gabas da hantsi, yara sun biyo motar da gudu, wata mai wushirya ta saki taɓarya. Sau biyu ina wuce mararrabar gidanmu ban sani ba. Mutum ya shekara arba'in ana ce masa Ɗanhanya, ai dole wata rana ya so ganin inda hanyar ta fara.

Abin da ya raba gardamar ƙarami ne. Wata ranar wanki aka aiki wani direba da farar, dole na kai Inna asibiti a jar. Murna ta yi, wai gara su saba. Da aka gama aka fito mini da ita, kun san yadda wankin nan ke barin mutum, kamar an matse tsumma. Na ɗaga ta na sa a kujera, muka kamo hanya. Ana gyaran titi a lokacin, jar kuma ba kaya a bayanta, ta shiga halinta na duka. Na rage gudu iya ragewa. Ina satar kallonta, ta riƙe ƙofa da hannu ɗaya, kanta yana kaɗawa, leɓenta yana motsi, na ɗauka zikiri take yi. Sai da muka iso ƙofar gida na kashe mota, shiru ya sauka, na ji ƙarshen maganarta: wai to ka ji yadda aka yi rijiyar ta zama tamu. Na ce wace rijiya? Ta juyo da fuska wajena ta ce ai tun daga ƙofar asibiti take ba ni labarin rijiyar bayan gidansu. Ko kalma ɗaya ban ji ba. Na duba hannunta, audugar da aka manna a wurin allura ta jiƙe da jini har ya gangaro gwiwar hannu, girgiza ta buɗe wurin, ita kuma ba ta ce komai ba don kada in ga laifin motar. Wannan fa daga arewacin Jidda ne zuwa kudu. Na zauna riƙe da sitiyari ina lissafa wata guda na irin wannan, na ga uwata za ta yi maganarta ta ƙarshe a gefena, kafaɗa da kafaɗa, ni kuma ina jin gurnanin inji. Washegari na je wurin Abu Majid.

Ta san ranar ce zan karɓo mota. Ta yi wanka ta sa mayafinta na fita, ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a ƙofar gida, ta zauna ta fuskanci bakin lungu. Na shigo da farar a hankali na tsaya dab da tabarmar. Ba ta juyo ba. Kunnenta yana can bakin titi, ta ɗan karkata kai, tana jiran gurnani. Na daɗe a cikin motar ina kallonta ta gilashi, wallahi na so in ja da baya in koma in canzo. Daga baya na fito na durƙusa na gaishe ta.

"Ɗanhanya? Ban ji zuwanka ba."

"Na zo, Inna."

Ta miƙa hannu tana lalube har ta taɓa jikin motar, ta bar tafinta a kai.

"Mai Sanɗa ce."

"Ita ce, Inna."

Ta tashi, ta naɗe tabarmarta da kanta, ta ƙi a kama mata hannu, ta bi bango ta shiga ciki.

Daga ranar na daina zama Ɗanhanya, na koma direba. A ce wa direba ya fito da mota. A tambayi direba ko ya ci abinci. Ina kai ta asibiti ina dawo da ita, ga mota shiru yadda nake so, har numfashinta ina ji, amma ta juya fuska wajen taga ba ta ce mini ko sannu. Na zaɓi motar da zan ji maganarta, ta hana ni maganar. Aikin jan kaya mai tsoka duk ya bi jar, na koma ɗaukar firij da tukunyar gas da katifu, mutanen da nake wucewa a hawan Ɗa'ifa suna yi mini sannu da dako. Wani mai safarar tumaki ya sayi jar, kuma da yake hanyarsa ta bakin unguwarmu ce, wani lokaci da hantsi sai a jiyo ta tana wucewa. Duk abin da Inna ke yi sai ta tsaya, ta ɗaga kai, ta bi ƙarar har ta ɓace. Wannan ɗaga kan ya fi mini zagi ciwo.

Ana haka aka haife ki, Zainab. Ranar suna aka kai ki wurinta, ta shafa fuskarki ta tambayi sunan da aka sa. Da aka faɗa mata sai ta ce akwai Zainabu a Mirriya, 'yar wanta, tsarabarta wani ɗan awarwaron azurfa ne, yana akwati mai zanen dawisu, a kusurwar dama, cikin ƙyalle kore. Mahaifiyarku ta je ta tarar da shi daidai inda ta ce. Inna ta zura miki shi a hannu da kanta, ya yi miki yawa har kafaɗa.

"Takwararta ce," ta ce. "Ta karɓar mata."

Awarwaron da kike sawa ranar salla ke nan, in ba ki sani ba.

Bayan kwana biyu, ranar hutun wanki, na ji ta daga ɗaki tana cewa a gaya wa direba ya nemo mata wata Hadiza. Aka samo wata 'yar Maraɗi mai sayar da fura a bayan masallaci. Na ɗora keken ɗinki a bayan farar, na ɗora Inna a gaba, muka je har ƙofarta. Inna ta kamo hannunta ta ɗora a kan keken ta ce ga tsarabarki ta Makka, Hadiza, na daɗe a hanya, ki yi haƙuri. Na zaci matar za ta yi dariya, a ce a tsakiyar Jidda ana ba ka tsarabar Makka. Ina, sai ta durƙushe ta fashe da kuka, ashe ita ma tana da nata akwatin a ƙarƙashin gado. A hanyar dawowa, ba tare da ta juyo ba, Inna ta fara magana. Ta ce ƙanwarta Hadiza tsoron kwaɗi take yi, in damina ta faɗi ba ta zuwa lambu sai an riƙe mata hannu. Na rage gudu. Na ji kowace kalma.

Haka muka shiga yi. Yau a nemo Mamman, jibi a nemo Rakiya, wani satin Issufu. Muka zagaye Sa'alaba da Mahjar, muka shiga lungunan Balad inda madubi ke gogar bango, mu tsaya nan mu tambaya, a ce ai ya tashi ya koma can, mu kashe mu tayar, mu kashe mu tayar. Da jar ce da ta shaƙe mu da hayaƙi ta tashi jariran unguwa, farar kuwa kamar don wannan aka ƙera ta. Kowane kaya da mai shi, kowane mai shi da labarinsa, duk a cikin motar nan aka ba ni su. Har ta kai in muna tafe sai ta ce in karya ta wajen tsamiya, ni kuwa in karya ta wajen kantin magani, ta ce yawwa, ga gidan liman nan a dama, in ce ga shi nan, Inna. Wani lokaci da yamma, rana ta yi ja a kan teku, iska tana shigowa, nakan manta a wane gari nake tuƙi. Ban san ranar da ta koma ce mini Ɗanhanya ba, a tsakiyar wani labari ne ya fito, ba ta lura ba, ni ma na yi kamar ban lura ba.

Ta rayu har kika shiga makaranta, Zainab. Ita ta koya miki Hausar da kike yi mini gori da ita yau, a kan cinyarta kika haddace Fatiha. Ba ta taɓa ce mini na yi daidai ba, ni kuma ban taɓa neman ta faɗa ba. Begen gida kam da shi ta tafi, wannan rabin maganarki gaskiya ne, kuma har gobe in na ji dizal yana gurnani a bakin titi sai na ɗaga kai. Amma da za a mayar da ni gaban Abu Majid, makullin farar zan sake ɗauka.

Akwati na ƙarshe shi ne na farko, wanda suka fara da mahaifina. Ta ce wannan ni zan buɗe. Na ɗaga murfi na tarar da riguna farare masu aiki a wuya, a jere, ɗaya kan ɗaya. Ta ƙasa ba ta fi ta ɗan yaye ba, ta samanta ta ɗara ta, ta sama ta ɗara wannan, har zuwa ta kai, babbar riga ta magidanci. Ba wadda aka taɓa sawa. Na ce Inna, waɗannan kuma takwaran wa za mu nema?

"Ba su da takwara," ta ce. "Wadda za ka shiga garin ubanka da ita ce. Kullum na saya sai ka girme ta."

Ƙananan ta raba muku, Usman da Ali, su ne rigunan nan masu ƙamshin kafur da kuka yi ta ƙorafi a kansu wata salla. Babbar ta tura mini ita. Washegari ranar wanki ce. Na sa ta, na fito da mota, na ɗaga Inna na zaunar a kujera, na zagaya na shiga. Kafin in taɓa makulli ta miƙo hannu ta laluba hannun rigar, ta bi aikin wuyan da yatsa har ƙirji.

"Ta yi maka daidai?"

"Ta yi, Inna."

Ta gyara mayafinta ta fuskanci gaba.

"To yalla, ja mu. Ta gabas za ka shiga."